Ma'ajin kamfe na neman shawara: mu buɗe shafin karɓar gudummawa ta intanet?

Ma'aji: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da kuɗin kamfe na wani ɗan takarar majalisa. Shekaranjiya a taro matasanmu suka sako ni gaba, wai lallai sai mun buɗe shafin da kowa zai danna ya tura abin da ya sawwaƙa. Hujjarsu Obama, da ya tara kusan dala miliyan 500 ta intanet a zaɓen 2008. Na ce musu ai namu ba Obama ba ne, suka bushe da dariya.

Ga damuwata. Yanzu ma da lambar asusu kawai muke rabawa, sai tsakar dare saƙon banki ya shigo, wurin bayani an rubuta "Allah ya ba da sa'a", sunan kuma na wanda aka aika ne, ba na mai kuɗin ba. Ni kuwa zan sa hannu a rahoton da za a miƙa wa hukumar zaɓe. Shafin nan zai rage min wannan ciwon kai ne ko zai ƙara?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Zai rage, in an tsara shi daidai. Namu ba ya barin kuɗi ya wuce sai mutum ya cike suna, adireshi da lambar waya, ya kuma tabbatar shi ɗan ƙasa ne. Kullum da safe nake sauke jerin in haɗa da takardar banki, kafin shayina ya huce na gama.

Amma ka ja kunnen yaran nan: shafi ba ya kiran kuɗi. Makonmu biyu na farko ba wanda ya tura sai 'yan kwamiti da ƙanwar ɗan takara. Abin da suka manta game da Obama shi ne adireshin imel kusan miliyan 13 da ke hannunsa. Sai da muka koma kan rajistar masu halartar taro, muka bi su da saƙo ɗaya bayan ɗaya, sannan aka fara ganin motsi.

Ɗan Lauya: Yallaɓai, kafin komai ka buɗe dokar zaɓe ka duba iyakar abin da mutum guda zai iya bayarwa, da batun kuɗin ƙetare. A Birtaniya a 2019, jam'iyyar Brexit ta riƙa karɓar kuɗi ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, alhali doka ba ta tilasta tantance abin da bai wuce fam 500 ba. Hukumar zaɓe ta je har ofishinsu, daga baya ta ce tsarin na da babban haɗarin shigowar kuɗin da bai halatta ba. Mutum ɗaya na iya yanka kuɗinsa ƙanana ya turo sau ashirin. Ka tambayi kamfanin da zai buɗe muku shafin ko manhajarsu na haɗa lissafin mutum guda.

Kuma akwai la'ada. ActBlue, dandalin tara wa 'yan takara gudummawa a Amurka, kashi 3.95 cikin ɗari take cira.

Ummu Sadiq: Ni mai bayarwa ce kawai, amma don Allah kada ku saka akwatin "a cire duk wata" da alama a kansa tun farko. Kamfen ɗin Trump ya yi haka ta dandalin tara gudummawa na WinRed a 2020, mutane suka wayi gari ana ta zarar musu kuɗi ba su sani ba. Abin da aka mayar wa masu bayarwa a shekarar ya haura dala miliyan 120.

Ma'aji: Na gode ƙwarai. Hajiya, rajistarmu littafi uku ce, rabi rubutun ba ya karantuwa. Gobe zan miƙa wa yaran su shigar a kwamfuta, tunda su suka jawo. Ɗan Lauya, in kuɗin ƙetare ya riga ya shigo, mayarwa ake yi ko hukuma ake kai wa?