Wanda bai taɓa kasa kaya a kasuwa ba, zai iya koyar da kasuwanci a ƙasar waje?

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Kamar yadda wasunku suka ji, wata ƙungiya ta karɓe ni aikin sa kai na shekara ɗaya a Gambiya, inda zan riƙa koya wa mata masu ƙananan sana'o'i yadda ake rubuta shiga da fitar kuɗi da yadda ake sa wa kaya farashi. Da na je gaishe da Kawu jiya bayan la'asar, ya ce mini wanda bai taɓa sayar da ko allura ba ba shi da abin da zai koya wa ɗan kasuwa, balle a ƙasar da bai san harshenta ba. Ban yi masa musu ba, amma ya ba ni izinin kawo maganar nan domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Na faɗa, kuma ban janye ba. Na fi shekara 30 ina harkar albasa tsakanin Sakkwato da Illela da Birnin Ƙonni, kuma ko a Ƙonni da muke harshe ɗaya da su, baƙo yakan sha kunya, domin idan mace ta ce maka dala ashirin, sefa ɗari take nufi. An taɓa tara mu a wani ɗakin taro, wata ƙungiya ta kawo mana yaro mai ladabi da majiginsa, ya yini yana gaya mana cewa ba da bashi shi ne ke kashe kasuwanci. Mu kuwa albasarmu ba ta barin Sakkwato zuwa Legas sai a kan amana: manomi ya ba ni, ni in loda wa dillali, kuɗi su dawo bayan an sayar, kuma idan na tsaya jiran mai kuɗi hannu sai kayan su ruɓe a rumbu. Muka saurare shi har ƙarshe, muka karɓi kuɗin mota, kowa ya ci gaba da abin da ya saba. Ba na son ɗan ƙanwata ya zama wannan yaron a garin wasu.

Gwaggo: Alhaji, labarinka gaskiya ne, amma labarin yaro ɗaya ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara a yankin Maraɗi, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ba jari aka raba musu ba, kuma ba a ce za a koya musu kasuwa ba. Adashin da suka gada aka ɗauka aka gyara masa zama: a riƙa zubi kowane mako a asusu ɗaya, mai buƙata ta ranta ta mayar, a raba abin da ya taru idan zagaye ya cika. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har da akwatin nan mai kwaɗo uku da mata uku dabam ke riƙe makullansa. Baƙo ne ya zo, amma ya fara da tambayar abin da ya tarar. Abin da zan ja wa Auta kunne a kai kawai shi ne batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, domin idan ya je cikin Musulmi irinmu, tambayar riba ce za a fara yi masa.

Yaya Babba: Ina neman afuwar Kawu da Gwaggo, domin ina ganin kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiyar. An gwada wannan lamari a Lome ta ƙasar Togo da masu ƙananan sana'o'i 1,500, aka buga sakamakon a 2017. Waɗanda aka koya wa darasin kasuwanci irin na aji, wato lissafi da talla da makamantansu, ribarsu ta ƙaru da kashi 11 cikin ɗari, ƙarin da masu binciken ba su iya tabbatar da cewa horon ne ya kawo shi ba. Waɗanda kuwa aka horar a kan neman mafita da kansu da fara abu ba tare da jiran a ce musu ba, tasu ta ƙaru da kashi 30. A Jamhuriyar Dominika ma an kwatanta cikakken darasin akanta da 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, irin su a ware wurin ajiye kuɗin sana'a dabam da na cefane, mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, sai masu sauƙin suka fi amfani, musamman ga masu ƙarancin karatu. Saboda haka digirin da Auta ya samo daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, idan ya kwashe shi yadda yake ya kai wa mai sayar da kifi a Banjul, Kawu ne zai yi gaskiya.

Kawu: Maganar ware kuɗi ba zan musa ba, domin ta taɓa cina. Shekarar da na aurar da 'ya'ya biyu, aljihu ɗaya nake zuba kuɗin manoma da nawa, sai da aka zo biya na gane uwar kuɗin ta tafi a kayan ɗaki. Amma ga tambayata ta biyu. Matan Kware da Wurno masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa su ma ba su ware ba, kuma kuɗin jirgin da za a biya wa Auta zai isa jarin mata da yawa. Me ya sa sai Gambiya?

Auta: Kawu, wannan tambayar ta fi ta farko nauyi a wurina, kuma ba zan ce ina da cikakkiyar amsarta ba. Abin da na sani shi ne ba mu ne muka fara ba. Tun 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, Najeriya ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, kamar yadda Amurka ta fara turo mana nata 'yan sa kai a 1961. Kuɗin jirgin kuma ba a hannuna yake ba, idan na ƙi tafiya wani za a biya wa, ba matan Kware za a ba ba. Game da harshe, akwai Fulani a can, ko da yake Fulatancinsu ya bambanta da wanda muka ji a bakin kaka, kuma mafi rinjaye Mandinka ne, ga kuma Wolof.

Gwaggo: To, kada ka ruɗi kanka da wannan Fulatancin naka da bai wuce gaisuwa ba. Da tafinta za ka yi aiki, kuma tafintan nan zai fi ka sanin wace ce mijinta ke karɓe mata ciniki da yamma.

Kawu: Har yanzu ina kan bakana cewa yau ba ka da abin koyarwa. Ka ce sai bayan wata uku za ku tashi, to ka zo rumfata ka yi su. Kai za ka riƙe littafi, kai za ka bi bashi wurin mutanen da suka girmi mahaifinka, kuma kai za ka gaya wa manomi cewa motarsa ta kwana uku a hanya kaya sun lalace. Idan ka iya raba mini kuɗin gida da na albasa ba tare da mun ɓata ba, zan sa maka albarka ka tafi, ko da ban gamsu da dalilin zuwa Gambiya ba. Gobe bayan sallar asuba akwai lodi, ka zo da biro da tufafin da ba ka jin tausayinsu.