Wai garin haɗin kai ba ya tsayuwa sai da matsi?

Malam Habu: Ni fa ina nan kan bakana, mutanen da suka ware suka kafa garinsu don a ci tare a yi aiki tare ba sa kai labari sai shugaba ya riƙe su da ƙarfi. Ku dubi Ayetoro a jihar Ondo, masunta 'yan Ilaje mabiya coci ɗaya suka kafa ta a 1947 a bakin teku, a wancan lokacin ba albashi, kifin da ka kamo na gari ne, amma ga lantarki ga wurin ƙera jiragen ruwa tun wasu garuruwan na fama da acibalbal.

Hajiya Rabi: Malam ka faɗi rabi ka bar rabi. A garin nan fa an taɓa raba maza da matansu kowa da ɓangarensa, yara kuma a hannun wasu suke tashi ba iyayensu ba. Wallahi ba lantarkin da zai sa in yarda ɗana ya kwana wani gida ina ji ina gani ba halin magana.

Malam Habu: To Hajiya amma ai da aka sassauta kowa ya koma neman na aljihunsa, haɗin kan ya ja baya.

Sagir: Baba Habu a yi min afuwa, akwai Litowa a yankin Ruvuma na Tanzaniya, manoma ne suka haɗu da kansu ba wanda ya tilasta musu, su zauna su yanke shawara tare, har makaranta suka yi da injin niƙa, abu na tafiya sai jam'iyyar TANU mai mulkin ƙasar a lokacin ta rusa ƙungiyarsu a 1969. Daga 1973 shugaban ƙasar na lokacin Nyerere ya ce shiga ƙauyukan ujamaa, wato ƙauyukan da ake zama tare a yi noma tare, dole ne, aka kwashe miliyoyin mutane, wasu aka raba su da gonakinsu na gado, ƙarshe ba a ga abin da aka yi alkawari ba.

Hajiya Rabi: Yauwa ɗana. Ni abin da nake tambaya kawai, wanda ya ce zai tafi, da guminsa zai fita ko da kayan jikinsa? In ya dawo gaisuwar rasuwa za a shimfiɗa masa tabarma?

Malam Habu: Tabarma kam a shimfiɗa masa. Amma in kowa zai ciri kasonsa ranar da ya ga dama, jirgin da aka ƙera tare wa zai biya?

Sagir: Sai a rubuta tun ranar shiga, a riƙa biyansa kaɗan kaɗan Baba.