Neman shawara: muna son shirya wasa kan daren da hafsoshin Ingila suka watse daga dandamali a Boston

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ni ne nake jagorantar wata ƙaramar ƙungiyar wasan daɓe ta ɗalibai, mu goma sha huɗu, uku daga ciki mata. Bana mun zaɓi wani labari na gaske daga yaƙin neman 'yancin Amurka. A daren 8 ga Janairu, 1776, hafsoshin Ingila da aka yi wa ƙawanya a birnin Boston suna tsakiyar wasan barkwanci a zauren Faneuil, wanda Janar John Burgoyne ya rubuta domin yi wa George Washington da mayaƙansa ba'a, sai wani saje ya faɗo dandamali yana shelar cewa 'yan tawaye sun kawo hari. 'Yan kallo suka yi ta tafi, suna zaton cikin wasan ne, har sai da Janar Howe, babban kwamandan sojojin Ingila a Boston, ya umarci kowane hafsa ya koma bakin aikinsa. Abin da ya raba kanmu shi ne, wasu suna son mu yi shi barkwanci zalla, ni kuwa ina ganin akwai abin da ya fi dariya a ciki, amma na kasa kama bakin zaren. Akwai kuma batun hafsoshin da aka ruwaito sun fita da gudu cikin tufafin mata, wanda babu ɗaya daga cikin yaranmu maza da ya yarda ya taka. Ina neman shawararku.

Wani malamin tarihi: Wa'alaikumus salam Malam. Gyara ɗaya kafin komai: kada ku sa Burgoyne a cikin zauren, domin ya koma Ingila tun a watan Disamba na 1775, wato wasansa ne aka yi ba ya nan. Abin da kake nema kuwa yana wajen zauren, ba cikinsa ba. An kewaye Boston tun Afrilun 1775, kuma a gumurzun Bunker Hill na 17 ga Yuni sojojin Ingila fiye da 1,000 ne aka kashe ko aka raunata. Da hunturu ya shigo, abinci ya koma naman gishiri, agana tana yawo a gari, itacen hura wuta ya yi ƙaranci har aka riƙa rushe gidaje, aka rushe ma wata majami'a, domin a samu abin jin ɗumi. A irin wannan hali ne manyan soja suke fentin labule suna haddace baituka, ana cewa kuɗin ƙofa na matan sojojin da suka mutu ne da marayunsu. Sa'an nan ka lura da wurin da suka zaɓa. Dokar Massachusetts ta haramta wasan kwaikwayo tun 1750, kuma zauren Faneuil nan ne mutanen gari suke taruwa suna sukar harajin Ingila. Mayar da shi gidan wasa cin fuska ne da gangan, kamar yadda suka mayar da majami'ar Old South wurin koyon hawan doki. Idan 'yan kallonku ba su san wannan ba, za su yi dariya kawai su tashi.

Wani tsohon soja: Ɗana, ni ban san tarihin Amurka ba kamar malamin da ya rigaye ni, amma na yi shekara ashirin da biyu ina zaman bariki, kuma ina gaya maka cewa zaman jira ya fi harbi cin rai. Bayan faretin safe, idan ba a ba soja abin yi ba, to giya da caca da faɗa za su ba shi. Shi ya sa ban yi mamakin jin cewa kwamandoji suna ƙarfafa wasa ba. Amma ni wanda ya tsaya mini a rai shi ne sajen nan. Ka yi tunanin mutum mai igiya uku ya taho da gudu cikin sanyi, ya shiga ɗakin da duk wanda ke zaune ya girme shi a muƙami, ya faɗi gaskiya da iyakar muryarsa, su kuwa su tafa masa. Ba shi da ikon yi wa manjo tsawa, ba shi da ikon juyawa ya fita ba a sallame shi ba. Na taɓa kai wa wani babba rahoto yana tsakiyar liyafa, ya bar ni a ƙame kusan minti goma kafin ya ɗago kai, kuma har yau ina tuna yadda gumi ya riƙa bin bayana. Ku gina wasan a kan sajen, ku ba shi wanda ya fi kowa iyawa a cikin yaranku.

Wata mai shirya wasanni: Baba ya faɗi abin da nake shirin faɗa, sai dai in ƙara dabarar tsarawa. Kada sajen ya fito daga bayan labule, ya shigo ta ƙofar da 'yan kallo suka shigo, ya ratsa tsakiyarsu. Ku zaunar da 'yan wasa biyu ko uku cikin jama'a su fara tafin, za ka ga sauran sun bi, kuma a nan ne masu kallonku za su zama hafsoshin da kansu ba tare da an yi musu lacca ba. Game da tufafin mata, a wancan zamanin al'ada ce a barikokin da ke nesa ƙananan hafsoshi su taka rawar mata, saboda ba a ganin ya dace matar mutunci ta hau dandamali a gaban kowa. Ko a Montreal a watan Mayu na 1842, lokacin da marubucin Ingila Charles Dickens ya shirya wasa tare da hafsoshin barikin garin, matarsa da wasu mata sun fito ne a daren waɗanda aka gayyata kawai, da aka buɗe wa jama'a sai aka kawo mata masu sana'ar wasa. Shawarata kada ka tilasta wa yaro abin da za a riƙa tsokanarsa da shi a unguwa. Mayafi ɗaya a kan kakin soja da mafici a hannu sun isa, sai ya yar da su yana neman takobinsa.

Malamin tarihi: Hajiya, na yarda da batun mayafi, amma ina da ja kan sa dukan nauyi a wuyan saje. Harin na daren nan, wanda Manjo Thomas Knowlton na mayaƙan Amurka ya jagoranta, ƙarami ne, gidaje kaɗan aka ƙona a Charlestown da ke kusa da Boston aka kama 'yan fursunoni. Abin da ya ba daren ma'ana shi ne mutumin da suka fito da shi a dandamali da ƙaton gashin kanti da takobi mai tsatsa, wato Washington, shi ne ya fitar da su daga Boston a ranar 17 ga Maris, kuma marubucin wasan ya miƙa wuya da rundunarsa a Saratoga a watan Oktoba na 1777. Ya kamata a ga wannan ba'ar sosai kafin saje ya shigo.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Malam, Baba da Hajiya. Za mu buɗe da sojoji biyu suna faskara ƙyauren wani gida yayin da ake jin sautin gwajin wasa daga ciki, sannan mu ba ba'ar Washington minti biyar cikakku. Baba, idan ba damuwa, ina roƙon ka zo gwajinmu na ranar Asabar ka nuna wa yaron yadda saje yake ƙamewa, domin har yanzu da hannun hagu yake sarawa.