Tambaya kan ɗakin sanyi mai gas ɗin CO2

MaiKifiGarwa: Salamu alaikum jama'a, ɗakin sanyi nake son kafawa don kifin tafkin Lagdo, wani ya ce in sa injin CO2 mai tabain (wata 'yar fanka da gas ke juyawa) wai yana rage kuɗin wuta, gaskiya ne?

MaiGyaraMarwa: Gaskiya ne Alhaji, amma a yi hattara. CO2 in zafi ya wuce digiri 31 ba ya komawa ruwa, sai matsi ya yi ta hawa kwamfuresa na shan wahala, mu kuwa a Afrilu har 40 muke wucewa. Tabain ɗin a madadin bawul ɗin da ke sauke matsin gas ake sa shi, gas na faɗaɗa yana juya shi, ƙarfin da zai tafi a banza ya koma ya taimaki kwamfuresa.

ƊanKusuri: To in ya lalace wa zai gyara mana a nan? Ni dai ijekta (wani bututu mai tsukakken baki da shi ma ke rage wa kwamfuresa aiki) na fi so wallahi, ba abin da ke juyawa cikinta.