Ƙungiyata a lig ɗin besbol na intanet tana ta shan kashi, ta ina zan fara gyara?

Nafi'u, daga wajen Babura

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar Out of the Park Baseball, wasan kwamfuta na tafiyar da ƙungiyar besbol. An ba ni ƙungiya a wani lig na intanet mai ƙungiyoyi 30, dokokinsa irin na MLB, babban lig ɗin besbol na Amurka, wasa 162 a kaka. Kwamishinan, wato mai tafiyar da lig ɗin, yana Amurka. Sau uku a sati yake tura kalanda gaba, kowane turi kwana bakwai na wasanni, kuma yana rufe karɓar fayil ɗin umarnin ƙungiyoyi da ƙarfe 9 na dare agogon gabashin ƙasarsu. Yanzu an raba kaka biyu: wasa 81, mun ci 30, an cinye mu 51. Maki 340 muka ci, aka ci mu 385. Masu karɓar jifa, wato 'yan karɓa masu canjin mai jifan da ya buɗe wasa, kullum a gajiye suke, biyu suna jinya, albashi ya cinye kasafi, rajistar mutum 40, wato jerin waɗanda za su iya buga wa babbar ƙungiya, kuma babu gurbi ko ɗaya. Ga wuta sai an ga dama, sabis ma sai an nemi tudu. Wanne zan fara taɓawa?

Malam Habu, Ringim

Wa alaikumus salam, Malam Nafi'u. Kafin a zo kan 'yan wasa, fara da agogo. Ƙarfe 9 na daren Litinin a wajen kwamishinanka, ƙarfe 2 ne na daren da zai waye Talata a nan. Daga Lahadin farko ta Nuwamba, in sun mayar da agogonsu baya, ya koma ƙarfe 3, har zuwa Lahadi ta biyu a Maris. Kada ka jira wannan lokacin. Ka ɗauka wa'adinka magaribar Litinin ce, tun kwamfuta na da caji.

Tsarin aikin ba ya canzawa. Ka sauke sabon fayil ɗin lig bayan an gama turi, ka buɗe ka duba kwanan watan da ke cikin wasan ko ya yi daidai da wanda kwamishina ya sanar, sannan ka yi gyare-gyarenka ka tura fayil ɗin ƙungiya. Wanda ya yi gyara a kan tsohon fayil aikin banza ya yi, domin ba zai shiga ba. Haka wanda sigar manhajarsa ta bambanta da ta kwamishina, don haka kada ka sabunta manhaja sai an ce kowa ya sabunta. In lig ɗinku na amfani da StatsPlus, dandalin intanet na irin waɗannan lig, akwai shafin da ke nuna ƙungiyoyin da fayil ɗinsu ya iso. Duba shi da waya bayan ka tura, domin sabis kan yanke a tsakiyar turi, kai kuwa kana zaton ya tafi. Fayil ɗin lig shi ne mai cin data, sai a sauke shi inda sabis ke da ƙarfi. Na ƙungiya ɗan ƙarami ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: ka shirya ƙungiyar kamar wanda ya san wata rana fayil ɗinsa ba zai isa ba. A kwana bakwai ana buga wasa shida ko bakwai ba ka nan, kwamfuta ce koci. In turi ɗaya ya wuce ka, wasa goma sha biyu ko fiye ke nan a kan umarni ɗaya. Saboda haka ka cike jerin masu bugu na ranar da za a fuskanci mai jifa da dama, da na ranar bahago. A kowane gurbi na fili ka rubuta mataimaki, ka saita cewa ya shiga in mai gurbin ya gaji. Mai cafe a bayan tashar gida shi ya fi kowa saurin gajiya saboda tsugunno, ka ba mataimakinsa wasa ɗaya a kowane huɗu ko biyar. Gurbin da ba shi da mataimaki, in rauni ya faɗa a ranar farko ta turi, kwamfuta za ta cusa duk wanda ta samu, ka tarar da mai tsaron tashar farko ya kwana shida yana zubar da ƙwallo a tsakiyar fili.

Anti Rabi, Kazaure

Ƙanena, alƙalumanka ba su yi munin da kake gani ba. Akwai lissafin da Bill James, masanin alƙaluman besbol, ya fito da shi don gano kason wasannin da ya kamata ƙungiya ta ci: ka ninka makin da ka ci da kansa, ka raba da jimillar wannan da ninkin makin da aka ci ka. 340 sau 340 ya ba da 115,600, 385 sau 385 ya ba da 148,225. In ka raba 115,600 da 263,825 za ka samu kusan 0.438, wato wasa 35 ko 36 cikin 81. Kai kana da 30. Wasa biyar ɗin da suka ɓace galibi a wasannin da aka tashi da ratar maki ɗaya suke, kuma a nan rashin sa'a da gajiyar 'yan karɓa ne ke aiki. Sa'a ba ta hannunka, gajiya kuwa tana hannunka.

Ga yadda abin yake. Kaka guda kusan zagaye 1,450 ne na jifa, wajen tara a kowane wasa. In masu buɗe wasa su biyar suna kai zagaye biyar da rabi a kowane wasa, sun ɗauke wajen 890, saura 560 a kan 'yan karɓa takwas, 70 ke nan kowanne. Ana iya ɗaukar wannan. In kuwa ana cire su a zagaye huɗu da rabi, nauyin da ya rage ya haura 720, kowane ɗan karɓa 90. Nan ne hannu ke lalacewa. Je shafin dabarun ƙungiya ka duba ma'aunin saurin cire mai buɗe wasa. Ina kyautata zaton wanda ya riƙe ƙungiyar kafin kai ya kai shi can wajen gaggawa. Dawo da shi tsakiya. Masu buɗewa ukun da suka fi juriya ka sa musu iyakar jifa 100 zuwa 105, sauran biyun 90. Gaskiya ne mai jifa yakan yi rauni in masu bugu suka gan shi karo na uku a wasa ɗaya, amma ƙungiyar da ke 30 da 51 ba ta da dalilin ƙona mutum takwas don tsoron wannan.

Cikin gurbi 26 na babbar ƙungiya, dokar MLB ta yanzu ta tsayar da masu jifa a 13. Cike su duka. Ɗaya daga cikin takwas ɗin ya zama mai dogon numfashi, wanda zai iya zagaye uku in wasa ya lalace tun da wuri, wani kuma ka ba shi aikin share fage a wasan da an riga an yi nisa. In ba ka raba musu aiki haka ba, kwamfuta za ta sa gwaninka a wasan da ake cin ku 9 da 2, gobe ana buƙatarsa yana gajiye. Tsarin juyin masu buɗewa kuma ka bar shi a bi layi sau da ƙafa, mutum ya huta kwana huɗu tsakanin wasa da wasa.

Wajen tantance mai jifa kada ERA ta rabin kaka, wato matsakaicin makin da ake cin sa a zagaye tara, ta ruɗe ka. Duba yawan waɗanda yake kora da jifa, yawan waɗanda yake ba tasha kyauta, da hom-ron ɗin da ake buga masa, wato ƙwallon da ta tsallake katangar fili, su ne abin da ma'aunin FIP ke aunawa. Sannan duba BABIP, wato kason ƙwallayen da aka bugo cikin fili suka kai mai bugu tasha: yawanci yana kusa da .300. Mai jifan da nasa ya kai .350 alhali awonsa na kaifin jifa da saiti na da kyau, ko dai sa'a ta juya masa baya, ko masu tsaron bayansa ne ba sa kai wa ƙwallo. Irinsa ba a sayar da shi da araha.

Ɗanlami, Gezawa

Anti ta yi daidai, amma ko an dawo da wasa biyar ɗin nan, 35 da 46 ba ƙungiyar zuwa wasannin ƙarshe ba ce. A ƙiyasin da aka saba, sai an ƙara maki wajen goma ake samun ƙarin nasara ɗaya, kai kuwa ana bin ka bashin maki 45 kafin ma ka yi kunnen doki. Kakar bana ta sayarwa ce. Ana rufe cinikin 'yan wasa a ƙarshen Yuli, kuma ɗan wasan da kwantiraginsa zai ƙare bana kamar rago ne ana saura sati Babbar Sallah a kasuwar Maigatari, in ranar ta wuce yana hannunka sai dai ka yi ta ciyarwa. Fitar da sunayen duk wanda ya haura shekara 30 kuma kwantiraginsa na ƙarewa bana ko baɗi, ka sa su a kasuwa yau, musamman mai rufe wasa, wato ɗan karɓar da ke jifa a zagayen ƙarshe in ana gaba. Masu neman kofi suna biyan mai rufewa fiye da ƙimarsa, ƙungiyar da ba ta cika shiga zagaye na tara tana gaba ba kuwa ba ta da aikin ba shi.

Abin da za ka nema a madadin shi ne shekarun riƙo. Kwana 172 a babbar ƙungiya shi ne shekara ɗaya ta aiki. Shekara ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ɗan wasa ke karɓa, ukun da ke biye ana yanka masa albashi ta hanyar sulhu, bayan shida ya zama mai 'yancin kansa. Matashin da ke matakin AA ko AAA, ƙananan lig ɗin da ke dab da babbar ƙungiya, bai taɓa hawa ba, shekara shida ke nan a hannunka. A ma'aunin ƙwarewa na 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babbar ƙungiya, kuma kada ka kalli awon abin da ake fata zai zama kaɗai. Ɗan shekara 19 mai fatan 70 wanda yanzu yake 25 caca ne. Ɗan 23 da ya riga ya kai 45 yana fatan 55 ya fi kusa da amfani. Duba tarihin rauninsa da ƙwazonsa na atisaye, sannan ka tuna awon da kake gani na mai leƙen ƙungiyarka ne, yana iya kuskure, don haka ka haɗa da alƙaluman wasansa.

Wajen bugu, ka rage ma'aunin sadaukar da mai bugu don a matsar da na kan tasha. Fita 27 kawai kake da su a wasa, kuma mutum a tashar farko ba a fitar da kowa ba, ya fi kawo maki a kan mutum a tasha ta biyu an fitar da ɗaya. Satar tasha sai ga wanda ke tsira aƙalla sau bakwai cikin goma. Masu OBP mafi girma, wato waɗanda suka fi yawan isa tasha, su hau saman jeri, domin kowane mataki ɗaya ƙasa yana rage wa mutum zuwa bugu wajen sau 18 a kaka.

Nafi'u, daga wajen Babura

Allah ya saka da alheri. To rajistar 40 fa, Yaya Ɗanlami? In na karɓo matasa ina zan sa su? Majinyatan nan, ɗaya wata huɗu aka rubuta masa, ɗaya sati biyu. Akwai kuma wani ɗan shekara 27 da nake son saukarwa AAA, wasan ya ce ba shi da sauran dama.

Malam Habu, Ringim

Mai wata huɗun ka mayar da shi jerin jinya na kwana 60, gurbinsa a rajistar 40 zai buɗe nan take. Sai dai ka rubuta a wani wuri cewa bayan kaka dole ya dawo ciki. Mai sati biyun jerin kwana 15 na masu jifa ya ishe shi, wannan gurbin 26 kaɗai yake buɗewa.

Ɗan 27 ɗin ya cinye shekarunsa uku na saukarwa, wato waɗanda ake iya mayar da shi ƙaramin mataki kai tsaye. Ba ya sauka sai an tallata shi ga sauran ƙungiyoyi 29, kuma duk wadda ta so za ta ɗauke shi da albashinsa ba ta ba ka komai ba. In albashin ya fi ƙarfin aikinsa, wannan ma sauƙi ne a gare ka. In yana da amfani, ka cusa shi cikin cinikin da Ɗanlami ya faɗa. Ka kula da ranar da za ka cire shi daga rajista, domin kwana bakwai kawai ake bayarwa a yanke hukunci a kansa, turi ɗaya ke nan a lig ɗinku. Kada ka yi a satin da ba ka da tabbacin wuta.

Matasan da za ka karɓo ba duka ke buƙatar gurbi yanzu ba, kuma a nan nake ɗan saɓa wa Ɗanlami kan fifita 'yan 23. Wanda ya sa hannu a kwantiraginsa na farko yana da shekara 19 ko fiye, bayan kaka huɗu dole a sa shi a rajistar 40, in ba haka ba wata ƙungiya ta ɗauke shi a zaɓen Doka ta 5, inda ake ɗibar waɗanda ba a kare ba, a watan Disamba. Wanda aka ɗauka yana 18 ko ƙasa, kaka biyar ce. Yawancin 'yan 23 na AA suna bakin wannan iyaka, kuma abokin cinikinka ya sani, shi ya sa zai yi saurin miƙo maka su. Kafin ka amsa kowane tayi, ƙirga gurbin da zai buɗe a Nuwamba in kwantiragi sun ƙare, ka cire na majinyacin da zai dawo, abin da ya rage shi ne adadin irin waɗannan matasan da za ka iya karɓa. Sauran su zama 'yan ƙananan matakai da ke da shekara biyu ko uku kafin a kai ga kare su. Ka kuma buɗe shafin dokokin lig ɗinku ka gwada da waɗannan alƙaluma, domin kwamishina na iya canza kwanakin jinya da na tallatawa, wasu ma suna kashe zaɓen Doka ta 5 gaba ɗaya.