LVS ta ƙi wucewa: kowa ya kawo abin da ya taɓa gani

Mai_Shimfiɗa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zana ƙaramin amfilifaya a kan SKY130, wani tsarin ƙera da'irori a kan silikon. Da manhajar Magic nake ciro jerin wayoyi daga shimfiɗa (zanen yadda da'irar za ta kwanta a kan silikon), manhajar Netgen kuma ke kwatanta shi da sikimatik (zanen haɗin da'irar). DRC, wato binciken dokokin zane na masana'anta, ta wuce tas, amma LVS, wato kwatanta shimfiɗa da sikimatik, ta zubo min shafuka na wayoyin da ba su dace ba. Yawan tiranzistoci daidai yake a ɓangarorin biyu, wayoyin shimfiɗa ne suka gaza na sikimatik da guda ɗaya. Daga ina zan kamo bakin zaren?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka riga ka faɗi amsar da bakinka. Idan wayoyin shimfiɗa suka gaza, wasu biyu ne suka haɗe. Idan suka yi yawa, wata ce ta tsinke. Sauran shafukan nan duk ɓaraguzan wannan ne, domin da zarar waya ɗaya ta rikice, manhajar ta rasa yadda za ta gane maƙwabtanta, sai ta jero su kaf. Ka rabu da su tukuna, ka fara da wayoyin wuta.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne na wayoyin ƙasa biyu, wato wayoyin da wuta ke komawa ta cikinsu. Mun raba AVSS ta ɓangaren analog da DVSS ta dijital, babu ƙarfen da ya haɗa su ko ɗaya, amma rahoto ya nace waya guda ce. Kuma gaskiyarsa. Gindin silikon nau'in p, wanda aka gina dukan da'irar a kansa, abu ɗaya ne daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk inda ka dasa mahaɗi a cikinsa, wuta na iya bi ta can. Muka zauna muka zaɓa: ko mu killace ɓangaren analog da rijiyar n mai zurfi (yankin silikon nau'in n da ke raba shi da sauran gindin), ko mu sa alamar da kundin dokokin masana'anta ya tanada don raba gindin a lissafi. Ta biyun tana rufe wa rahoto baki ne kawai, a cikin silikon haɗin na nan daram. Ni dai na fi natsuwa da ta farko idan hayaniyar dijital abin damuwa ce.

Uwar_Analog:
Malam ya yi bayani, amma kafin ka kai ga gindin silikon, duba lakabi, wato sunan da ake rubuta wa waya a shimfiɗa. A SKY130 zanen hawan ƙarfe na ɗaya yana kan lambar hawa 68/20, lakabinsa kuma 68/5. Wata abokiyar aikina ta ɗora sunan waya a daidai inda ƙarfe biyu suka gitta, lakabin kuma na ƙarfen sama ne, ita kuwa na ƙasa take nufi. A ido yana inda ya dace. Manhaja ta ba wa wayar sama suna biyu, ta ƙasa ta tashi ba suna. Sai da muka buɗe fayil ɗin shimfiɗar (GDS) a manhajar KLayout, muka kashe kowane hawa ban da guda, sannan abin ya bayyana.

Ɗan_Dijital:
Nawa gajere ne. Verilog, harshen rubuta da'irar dijital, na bambanta sunan waya clk da CLK, SPICE kuwa, tsarin da ake rubuta jerin wayoyi da shi, a al'adance ba ya bambantawa. Wayoyi biyu suka zama ɗaya a hanya, alhali shimfiɗar lafiyarta ƙalau.

Mai_Girid:
Ba LVS ba ce, amma dangin ciwon ne. Na taɓa tashi da dubban kurakuran DRC a wani yanki da jiya-jiya ya wuce. An ja wani sel (guntun shimfiɗa da aka haɗa wuri ɗaya) da linzami, tushensa ya sauka ba a kan girid na 0.005 maikiron ba, wato layukan awo da dole kowace kusurwa ta faɗa a kansu, saboda haka duk wata kusurwa da ke cikinsa ta zama laifi. Wani ya fara gyara su ɗaya bayan ɗaya, Allah ya sa aka tsayar da shi. Lamba biyu aka canza a wurin zaman sel ɗin, shi ke nan.

Tsohon_Hannu:
Tunda an shigo DRC, a yi hattara da dokar eriya. Lokacin da ake sassaƙa ƙarfe da filasma, doguwar waya na tara caji, idan kuma get ɗin tiranzista (ƙafar da ke kunna shi da kashe shi) kaɗai ke riƙe da ita, siririn okzaid ɗinsa, wato fatar da ke tare wuta a ƙarƙashin get, ne zai sha. Yara da yawa dayod (mai barin wuta ta bi gefe ɗaya) suke manna wa ko'ina don ya zubar da cajin.

Uwar_Analog:
Wannan kam ba a mashigin amfilifaya ba, Malam. Dayod na yoyon wuta, yana kuma ƙara wa wayar nauyi. Ni nakan yanke wayar kusa da get, in haura ƙarfen sama in sauko, ta yadda lokacin sassaƙar ƙarfen ƙasa guntu kaɗai get ɗin ke gani.

Mai_Shimfiɗa:
Allah ya saka da alheri. Maganar Malam ce ta fito: gindin silikon ya haɗe min ƙasa biyu. Na mayar da su ɗaya a sikimatik tunda da'irar ba ta buƙatar rabuwar. Yanzu wayoyi sun dace, sai dai Netgen yana cewa faɗin tiranzista ɗaya bai yi daidai ba.

Uwar_Analog:
Duba ko ka zana shi da yatsu da yawa, wato ka raba shi ƙananan tiranzistoci a jere. Wani tsarin faɗin yatsa guda yake rubutawa, wani jimillarsu, ga kuma lambar ninki a gefe. Ka tabbatar kana kiran Netgen da fayil ɗin saitin da ya zo da SKY130, a nan ne aka gaya masa yadda zai tattara tiranzistocin da ke jere kafaɗa da kafaɗa. Liƙo mana layukan biyu daga jerin wayoyin mu gani.