Nawa zan ce wa mai son zanen almara?

Autan Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ga zane uku na ɗora: mahayi cikin sulke yana fuskantar macijin rijiyar Kusugu, sarauniyar aljanu a gindin tsamiya, sai wani dodo mai fukafukai a kan ganuwa. Da Krita, manhajar zane ta kwamfuta, nake aiki. Kowanne yakan ci awa 12 zuwa 15, kuma naira 6,000 nake karɓa, cikakken jiki har da filin baya. A duba mini aikin, a kuma faɗa mini ko farashin ya yi.

Malam na Fagge: Wa alaikumus salam. Auta, farashin bai yi ba. Raba 6,000 gida 14, za ka ga kusan naira 430 kake samu a awa. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata, idan aka raba shi a kan kwana 22 na awa takwas-takwas ya kama kusan naira 400. Ke nan da kaɗan ka ɗara shi, alhali ba ka cire kuɗin data da cajin kwamfuta da bakin alƙalamin da ke cinyewa ba.

Abin da za ka yi: a ayyuka biyar masu zuwa ka riƙa kunna agogo. Ka ƙirga har lokacin da ka ɓata wajen hira da mai aiki, da neman hotunan kwaikwayo, da gyare-gyare, domin nan ne awanni suke sulalewa ba a sani ba. Sai ka yanke wa awarka kuɗi. A ce 2,000. Awa 14 ta zama 28,000, ka ɗora kashi 10 cikin ɗari na ɗawainiya ya zama 30,800, ka tsaya a 30,000.

Anti Mai Bango: Lissafin Malam daidai ne, amma yawancin masu neman irin wannan aiki a nan marubuta ne da ke son bangon littafi, kuma da yawansu suna jin 30,000 za su yi shiru su tafi. Kada ka rage kuɗin awarka, ƙanena. Aikin za ka rage. Ka kasa shi mataki-mataki:

Kai zuwa kafaɗa, awa 3, naira 6,000. Rabin jiki, awa 6, 12,000. Cikakken jiki, awa 10, 20,000. Filin baya mai gini ko daji, ƙarin 8,000 zuwa 10,000, idan launi ɗaya ne kawai kyauta.

Mutum na biyu a cikin hoto ka caje shi kashi 75 cikin ɗari na na farko. Doki kuwa mutum na biyu ne, kada kowa ya ce maka "ai doki ne kawai". Mai 6,000 har yanzu yana da abin saye a wajenka, sai dai kai da kafaɗa zai samu.

Yaya Alƙalami: Ni aikin zan yi wa magana, don shi ne zai riƙe farashin. Tunanin ya yi kyau ƙwarai, musamman macijin da ya naɗe bakin rijiya. Matsalar farko haske ce. Ɗora sabon leya, wato sabon shimfiɗin zane a kan hoton, a can sama, cika shi da baƙi, ka mayar da yanayinsa Color. Launi zai ɓace, sai fari da toka da baƙi. Za ka ga mahayi da doki da katanga duk toka iri ɗaya ne, shi ya sa ido ba ya sanin inda zai sauka. Kafin ka taɓa launi ka tsara matakin haske uku kawai: gaba duhu, tsakiya haske, baya toka-toka, ko akasin haka. Wurin da fari da baƙi suka fi karo da juna ya zama fuskar jarumi da kan maciji.

Na biyu, a hoton sarauniya hasken fuskarta daga hagu yake, inuwar tsamiya kuma ita ma hagu ta faɗi. Ka zana 'yar kibiya a gefen takarda da ke nuna inda rana take, ka bar ta har ka gama.

Na uku, danna M a Krita duk bayan minti ashirin, hoton zai juya kamar a madubi. Idon sarauniya na dama ya ɗara na hagu tsawo, kuma nan take za ka gani. Na lura duk hotunan uku an ɓoye hannuwa, ɗaya a bayan garkuwa, ɗaya cikin mayafi. Masu saye suna gane wannan. Ɗauki hoton hannunka riƙe da sanda, ka zana guda goma kullum na wata ɗaya.

Baba Sirdi: Ɗana, bari in ƙara a kan doki. Gaɓar da ka lanƙwasa a tsakiyar ƙafar baya ba gwiwa ba ce, diddige ce, kuma baya take nunawa. Gwiwar gaske tana can sama kusa da ciki. Ka juya ta gaba, shi ya sa dokin ya yi kamar zai durƙusa.

Kayan hawan ma ka cakuɗa. Sulke zobban ƙarfe ne, yana bin jiki yana zuba kamar riga mai nauyi, kuma ba a zana kowane zobe, sai inda haske ya buga, sauran a bar shi duhu. Lifidi kuwa auduga ce aka cusa aka ɗinke, yana da kauri, ba ya ƙyalli. Kai kuwa sai ka ba shi ƙyallin ƙarfe a zanenka. Likkafar da ka sa siririya ce irin ta Turawa, tamu faffaɗa ce da ke ɗaukar tafin ƙafa. Nemi hotunan Hawan Daushe ka tsaya a kan kwalkwali da linzami da jalala. Ganuwa kuma da tubali ake yi a yaɓe ta, gefenta a mulmule yake, babu layin bulo. Irin wannan ne abin da mai zane a Amurka ko Faransa ba zai kawo ba sai da wahala, don haka kada ka yi masa riƙon sakainar kashi.

Yaya Alƙalami: Haka ne Baba. Fukafukin dodon ma ka duba jemage: dantse, gwiwar hannu, wuyan hannu, sai dogayen yatsu da fata ta shimfiɗu a tsakaninsu. Naka ya fito daga wuya kamar laima, ba ƙashin da zai ɗauke shi.

Malam na Fagge: Sai ƙa'idar aiki. Ka rubuta ta shafi ɗaya, ka tura wa kowa kafin ka ja layi ko ɗaya. Rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran kafin ka miƙa cikakken fayil. Gyara biyu kyauta a matakin zayyana, wato zanen farko na layi kafin launi, ɗaya a matakin launi, abin da ya wuce haka kowanne da kuɗinsa. Dalili shi ne sauya tsayuwar mutum a zayyana minti goma ne, bayan an shafa launi kuwa yini guda ne. Saboda haka kada ka wuce zayyana sai ya rubuta maka "na amince". Idan ya fasa bayan ka fara, kafin alƙalami ba ya komawa. Mai son aiki cikin kwana uku ya ƙara rabin farashi. Kuma idan aikin kwana bakwai ne ka ce goma, saboda wuta.

Anti Mai Bango: Tambayi inda hoton zai je tun farko. Na bugawa a takarda: A4 a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, shi ne ɗigo 2480 da 3508, A3 kuma 3508 da 4961, ka bar milimita 3 a kowane gefe saboda yankan maɗaba'a, kada rubutu ko fuska su matsa baki. Launin allo RGB ne, na maɗaba'a CMYK, kuma shuɗi mai haske da kore shar sukan dusashe a takarda, don haka wutar aljanu da ka yi da shuɗi ka sa a buga gwaji ɗaya tukuna. Bangon Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet, 512 da 800 ne, na littafin Kindle na Amazon 1600 da 2560. Ka yi babba ka rage, ƙarami ba ya komawa babba sai ya farfashe. Ka bar sulusin sama ba cunkoso don sunan littafi. Samfuri ka tura ƙarami da tambarinka a tsakiya. Na ƙarshe kuma ka tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye.

Lauyan Zaure: Wanda ya biya kuɗin zane bai sayi haƙƙin mallakarsa ba don kawai ya biya. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Ka raba farashi biyu: na amfanin kai, kamar hoton shafi ko rataya a ɗaki, da na kasuwanci, kamar bangon littafin sayarwa, riguna ko wasan kwamfuta. Na kasuwanci ka ninka aƙalla sau biyu, ka rubuta a kan me aka yarda a yi amfani da shi. Fayil mai leya-leya ba ya cikin ciniki sai an saye shi daban. Bayajidda da Daurama da Gizo na kowa ne, amma jaruman kamfanonin fim da wasanni suna da masu su, kada ka buga su kana sayarwa.

Autan Zaure: Na gode ƙwarai. To masu saye na waje fa? Akwai masu wasan almara na Dungeons & Dragons da ke neman a zana musu jarumansu.

Ɗan Sabon Gari: Kasuwa ce mai kyau, don kowane ɗan wasa da jarumin da ya ƙirƙira. Ka yi musu farashi da dala, kada ka juya na naira, domin farashin da ya yi ƙasa da yawa yana sa su zargin sata ce ko aikin na'ura. Fiverr, dandalin sayar da aiki a intanet, yana cire kashi 20 cikin ɗari, kuma kuɗin yakan zauna kwana 14 kafin sabon mai sayarwa ya iya cira. Idan dala 40 kake so a hannu, 50 za ka rubuta, sannan ka tuna da abin da Payoneer, kamfanin tura kuɗi, zai cire wajen turowa banki. Ba su fom: jinsin jarumi, makami, tufafi, launi uku, hali cikin jimla biyu, da hotunan misali. Kunna rikodin Krita yayin aiki, bidiyon daƙiƙa talatin ya isa shaida cewa hannunka ne.

Hattara da mutum biyu: mai cewa ya turo fiye da kuɗin bisa kuskure ka mayar masa da ragowa, da mai turo hoton alat. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka kafin ka saki fayil.

Autan Zaure: Tsofaffin masu sayena da suka saba da 6,000 fa, Anti?

Anti Mai Bango: Sanar da su yau cewa sabon farashi zai fara ranar ɗaya ga wata mai zuwa, wanda ya riga ya biya kafin alƙalami a tsohon farashi za a gama masa. Buɗe gurbi uku kawai a lokaci guda, in sun cika ka rubuta an rufe. Idan guraben suka riƙa cika cikin kwana biyu har sau uku a jere, ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Kafin ranar ka gyara ƙafar dokin nan da likkafar, ka sa hoton Kusugu a saman takardar farashin.